Hannuwan Nonna a Ranar Tumatir

Ku da kuka daɗe kuna bin labarina, da ku da yau ne kuka fara leƙowa, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau akwai laifina a ciki, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan wanke kaina a gabanku ba.

Sunana Serafina, amma a gida Fina ake kirana. Shekaruna ashirin da bakwai, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a nan Griffith, kuma har yau a gidan iyayena nake, a tsakiyar gonar lemon da kakana ya dasa da hannunsa. Akwai wanda nake so. Sunansa Semisi, mai haɗa magunguna ne a wani kantin magani da ke babban titin gari. Iyayensa daga tsibiran Tonga suka zo tsinkar lemo a gonaki irin tamu, kuma wannan ne abin da Mamma ta kasa haɗiyewa. Ba ta taɓa furta shi da baki ba. Sai dai duk ranar da na ambaci sunansa, nan take za ta tuna cewa Gaetano, ɗan maƙwabtanmu, ya sayi sabuwar tarakta, kuma kakanninsa da namu ƙauyensu ɗaya a Calabria, yankin da suka baro kafin su zo nan. Papà kuwa da zarar hira ta karkato nan, sai ya tuna bai rufe ruwan gona ba, ya ɗauki hularsa ya fice.

Mutum ɗaya ce a gidanmu idan ta yi magana an gama: Nonna Rosaria, mahaifiyar Papà, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ba ta cire baƙar riga ba tun rasuwar mijinta. Wanda ta ce ya shigo, babu mai ce masa ya fita. Don haka abu ɗaya nake nema a duniya a wancan lokacin, wato Nonna ta buɗe baki ta ce Semisi ya shigo.

Amosanin gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu. Bara, a karo na farko cikin shekara hamsin, ta kasa yin aikinta na ranar tumatir. Ran nan ce dangi duka ke taruwa a watan Fabrairu, a niƙa tumatir na shekara guda a ɗura a kwalabe. Kowa da aikinsa, kuma na Nonna shi ne na farko a layi: ita ke ɗaukar ganyen ɗoɗɗoya, ta naɗe shi, ta tura a kowace kwalba da ɗan yatsanta, sannan ta shafe bakin kwalbar da babban yatsa kafin a ɗura. Bara ta yi kwalba goma sha biyu, ganyen ya riƙa suɓuce mata, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Mamma ce ta ƙarasa. Shekara guda Nonna tana cin miyar tana cewa ba ta ji komai a ciki ba.

Ƙwayoyin ciwo kuwa likita ta hana ta su, saboda gyambon ciki da kuma ƙodarta da ta fara rauni. Maimakon haka sai ta rubuta mata man shafawa, irin wanda ba a sayar da shi a shirye, sai an haɗa wa mutum nasa daidai da takardarsa. Ni na kai takardar, kuma ba sai na gaya muku kantin da na zaɓa ba.

Na tsaya a bayan gilashin ɗakin haɗa magani ina kallonsa. Semisi ƙato ne, ƙofa ma sai ya ɗan karkace yake shiga, amma da ya sa farar riga da hular leda da safar hannu, ya sunkuya a kan sikelin da ko numfashi ke motsa shi, sai ka rantse yatsun mai ɗinkin hula ne. Da ya fito sai na ce, "To, malam, me ka dama wa kakata?"

"Kina son ki sani, ko kina son ki daɗe a nan ne?"

"Duka biyun. Fara da na farkon."

Ya yi dariya, ya jawo takardar. "Ƙwaya idan an haɗiye ta, sai ta bi ciki, ta shiga jini, ta zaga jiki duka kafin ɗan kaɗan ya isa yatsa. Shi ya sa take ƙona mata ciki tana wahalar da ƙodarta, alhali ciwon a hannu yake. Wannan kuwa a bakin ƙofar ciwon ake ajiye shi. Abin da ke shiga jini kaɗan ne. Ban ce babu ba, na ce kaɗan, don haka likita za ta ci gaba da duba ƙodar."

Ya nuna mini layi na farko. "Wannan diclofenac ne. Gaɓa idan ta goge, jiki yakan saki wasu sinadarai masu jawo kumburi da raɗaɗi. Aikinsa ya rage yin su. Na biyu lidocaine, irin abin da likitan haƙori ke kashe dasashi da shi. Jijiya saƙo take aika wa ƙwaƙwalwa cewa nan wurin na ciwo, shi kuwa sai ya toshe mata hanyar aikawa na ɗan lokaci."

"Sauran farin man fa? Don ado?"

"Shi ne direban motar. Fata an yi ta ne don ta hana abu shiga. Samanta kamar ginin bulo yake, maiƙo ne simintinsa. Gari zalla ba zai wuce ba, sai an narkar da shi a cikin man da ya yi kama da wancan maiƙon, ya ɗauke shi ya ratsa da shi. Kin ga wancan injin mai ƙarafa uku? Sau uku na bi da shi ta ciki, don kada a sami gudaji, kuma idan an matsa kan robar, matsi na farko ya yi ƙarfi ɗaya da na ƙarshe. Matsi ɗaya a kowane hannu, sau uku a rana. Ɗaya fa, Fina."

Na karɓi robar na fita ina jin kamar takardar aurena ce a jaka.

Kwana huɗu Nonna ta yi amfani da shi. A na biyar na tarar da robar a kan taga, kusa da tukunyar fure.

"Nonna, me ya faru?"

"Ki mayar masa. Wannan man amare ne." Ta shinshina bayan hannunta. "Ba wari, ba zafi. Maganin da bai ciji mutum ba, ina zai ciji ciwo?"

Ta jawo tata kwalbar daga ƙarƙashin gado, man zaitun da ta jiƙa jan barkonon lambunta a ciki har ya koma launin jini. Shi take shafawa tun kafin a haifi Papà. Na aika wa Semisi saƙo daga bayan gida, ina kusan kuka: *Ta ce naka na amare ne. Ta koma wa man barkononta. Mun shiga uku.*

Amsarsa ta zo kafin in ajiye wayar: *Barkono? Ki kawo mini ita gobe. Da kwalbar.*

Washegari Nonna ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura ɗan kwalin siliki, ta rungume kwalbar a cikin jakar takarda kamar mai kai shaida kotu. Da muka isa kantin, Semisi ya zagayo daga bayan teburin sayarwa, ya jawo mata kujera, shi kuma ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, domin a gidansu ba a yi wa babba magana daga sama. Ko a durƙushen ma kansa ya kusa kai nata.

"Signora, an ce maganina bai yi miki ba." Haka ake kiran babbar mace a harshen su Nonna.

"Kai ne mai man amaren?"

"Ni ne."

"Girmanka ya fi maganinka."

Ya buɗe kwalbar tata, ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa nan take. "Kai! Signora, wannan ai magani ne na gaske. Akwai shi a littattafanmu."

Nonna ta juyo ta kalle ni, ta sake kallonsa. "Faɗa da ƙarfi, yarinyar nan ta ji."

"Abin da ke sa barkono yaji, sunansa capsaicin. Idan ya taɓa fata, sai ya tsokani bakin jijiyoyin da ke jin zafi. Ranakun farko su yi ta ihu, shi ne ƙunar da kike ji. Idan aka ci gaba kullum ba fashi, sai su gaji, su rage kai ƙara, har ƙarar ciwon gaɓar ma su rage kaiwa. Aibin naki ɗaya ne: kwalbar bana ba ƙarfin ta bara ba ce, kuma babu wanda ya san awonta. Idan kin yarda, zan kira likita. In ta amince, in sa miki shi a cikin nawa, a aune. Amma sai kin ajiye wannan, ba a haɗa biyu."

"Zai ciza?"

"Zai ciza. Kada ya taɓa ido, kada ki sa hannun a ruwan zafi bayan kin shafa, kuma sai kin yi haƙurin mako biyu zuwa uku."

"Shekara hamsin ina gaya wa Rocco magani ne, yana ce mini aikin ƙauye." Rocco shi ne Papà. Ta miƙa wa Semisi kwalbar. "Riƙe. Ka ci da taliya."

Likita ta amince. A mako na uku, wata safiya ina shan kofi a kicin, sai Nonna ta fito ta tsaya a gabana. Na daɗe ina kallonta kafin in gane: maɓallan rigarta guda tara, ita ta sa su da kanta. Yatsun ba su miƙe ba, Semisi ya riga ya gaya mana babu man da zai miƙar da su, amma suna lanƙwasuwa ba tare da ta cije leɓe ba. Ta zauna, ta ce, kamar tana maganar yanayi, "Ki ce wa ƙaton nan ya zo ranar tumatir. Muna bukatar mai ɗaukar akwati."

Mamma tana wanke-wanke. Na ji cokali ya faɗi a cikin kwano.

To, ga inda laifina ya shigo. Ranar Alhamis da yamma, ina cikin duba littattafan yara, saƙon Semisi ya shigo: *Kin ce Nonna da yatsa take tura ganye a kwalba? To ki gaya mata daga gobe da yamma kada ta shafa man, sai an gama aikin Asabar. Ta wanke hannu sosai da sabulu. Fashin kwana ɗaya ba zai ɓata komai ba. Amma kada maganin ya shiga abinci. Kin ji, Fina?*

Na rubuta: *Na ji.*

Ban gaya mata ba. Na je har ƙofar ɗakinta, na hango ta tana motsa yatsunta a gaban hoton kakana kamar mai nuna masa sabon zobe, sai ƙafata ta ƙi shiga. Na ce a raina, yanzu in ce mata ta ajiye abin da ya dawo mata da hannu, a ranar da ta fi bukatar hannun? Za ta ce yaron nan bai san abin da yake yi ba. Za ta ce ya ba ta da dama ya karɓe da hagu. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta zo, na ce ai matsi ɗaya ne, kafin a fara aiki ya riga ya shige. Na yi wa kaina lissafin da ban karanta ba, don kawai ina tsoron a ɓata mini abin da ya fara gyaruwa.

Asabar tun ƙarfe biyar rumfar da ke bayan gidanmu ta cika. Akwatuna talatin na tumatir a jere, 'yan'uwa mata suna yankawa suna cire ido, manyan tukwane biyu suna tafasa a kan gas, duro biyu a gefe da za a dafa kwalaben a ciki. Kowa ya sa mafi tsufan kayansa. Ni ina cikin tsohuwar rigar ƙwallon Papà da wandon da fenti ya ɓata, na ɗaure gashina da ƙyalle, amma ba zan ɓoye muku ba, na sa ɗan jan baki.

Ƙarfe shida motar Semisi ta tsaya. Ya fito da farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ƙyalli, da babban faranti na dafaffen rogo da kifi a madarar kwakwa, saƙon mahaifiyarsa.

Zio Mimmo, wato baffa Mimmo, ƙanen Papà, shi ke riƙe da injin niƙa, kuma bakinsa ya fi injin ƙara. Ya kashe injin don kowa ya ji shi. "Jama'a, ku tashi tsaye, likita ya zo duba marasa lafiya! Fina, ba ki gaya masa tumatir za a yanka ba? Ko ɗaurin aure kika ce masa?"

"Zio, ka bar shi mana."

"Ni na taɓa shi? Wa zai taɓa wannan? Yaro, kana buga rugby, ƙwallon ƙattin nan?"

"Na bari, Zio. Na fi son in gyara gwiwa da in karya ta."

"Ya ce mini Zio! Rocco, ka ji? Tun bai ɗauki akwati ɗaya ba!"

Aka yi dariya, har Papà. Mamma ta karɓi farantin da hannu biyu, ta ce an gode, an gode ƙwarai, da muryar da take yi wa mai karanta mitar ruwa. Semisi ya naɗe hannun riga ya shiga ɗaukar akwatuna biyu biyu. Kafin rabin awa gaban farar rigar ya zama taswira. Raina fari ƙal. Na tsaya ina yanka tumatir ina satar kallonsa, ina jin cewa da za a tsayar da duniya a nan, da ban nemi ƙari ba.

Ƙarfe bakwai aka jera kwalabe a kan dogon tebur, wajen ɗari huɗu, aka kawo kwandon ɗoɗɗoya. Lokacin Nonna ya yi. Ta fito da sabon ƙyallen gaba mai fure, ta zauna a kan kujerarta a bakin tebur, ta ɗaga hannuwanta biyu sama don kowa ya gani.

"Ku kalla. Bara an ce na gama. Carmela, kalla da kyau." Carmela ita ce Mamma. "Wancan yaron ne ya yi wannan. Kuma yau ban yi masa rowa ba. Matsi uku uku na yi da na tashi, na ƙara uku uku yanzu, don su yi mini aiki har yamma."

Hannuwan suna sheƙi. Bayansu ya yi ja kamar an ɗora a kan murhu, kuma tururin tukwane yana bugunsu.

Na dubi Semisi. Yana tsaye da akwati a kafaɗa, kuma na ga lokacin da ya gane komai: abin da ta shafa, da abin da ban faɗa ba. Bai kalle ni ba. Wannan ya fi mini ciwo da a ce ya harare ni.

Ku duba matsayinsa. Mutum ɗaya ce cikin manya ke goyon bayansa a rumfar nan, kuma yanzun nan ta gama yabonsa a gaban wadda ba ta son sa. Abin da kawai zai yi shi ne ya yi murmushi ya ajiye akwati. Nonna ta miƙa hannu cikin kwandon.

"Signora." Ya sauke akwatin a hankali. "Don Allah, kada ki taɓa."

Nonna ta juyo gare shi.

"Me ka ce?"

Ya zo ya durƙusa kusa da kujerarta. "Abin da ke hannunki ya ninka abin da aka rubuta sau shida, kuma bai shige ba, yana nan a saman fata. Duk kwalbar da kika tura yatsa a ciki, zai bi. Wataƙila babu wanda zai ji komai, ba zan yi miki ƙarya in ce guba ce ba. Amma miyar nan yara za su ci, ga mai juna biyu can, kuma ba abinci aka haɗa shi don shi ba. Ba zan iya tsayawa ina kallo in ce ba komai."

"A ba ta safar hannu mana," in ji Mamma, a karo na farko tana dubansa kai tsaye. "Ga su can a kicin."

"Ba zai yiwu ba, Signora Carmela. In aka rufe shi da roba a wannan zafin, zai ƙara shiga jiki, ƙunar kuma ta ninka. Ki dubi hannun. Yana cin ta yanzu haka, ba ta faɗa ba ne."

"To ta wanke!"

"Za a wanke. Amma barkono ba ya fita da wanki ɗaya. Yau dai hannun nan bai kamata ya shiga kwalba ba."

Nonna ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya. Fuskarta ta koma irin ta bara, ta ranar kwalba goma sha biyu. Ta ce a hankali, "Ka ba ni hannu mako uku, ka zo gidana ka karɓe a gaban 'ya'yana. Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Semisi ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri. Ya kamata in zo da kaina in gaya miki."

Bai ambaci sunana ba. Zai ɗauka duka, a kan farar rigarsa da ta riga ta ɓaci. Mamma ta naɗe hannu a ƙirji, kuma na ga abin da ke shirin fitowa daga bakinta.

"Ya faɗa." Muryata ce, ko da yake ban san lokacin da ta fito ba. "Tun ranar Alhamis ya ce in gaya miki kada ki shafa. Ga saƙon a wayata. Ni ce na ƙi faɗa, Nonna. Na ji tsoron ki yi fushi da shi."

"Kin ji tsoron in yi fushi da shi," Nonna ta maimaita, "shi ya sa kika bar ni in zuba wa jikokina magani a miya."

"E."

"Kai kuma ka san ita ce, ka yi shiru."

Semisi ya gyaɗa kai.

Zio Mimmo ya buɗe baki, Papà ya taka masa ƙafa. Nonna ta daɗe tana kallon kwalaben nan ɗari huɗu. Ni kuwa ina tsaye da wuƙa a hannu, ruwan tumatir yana gangarowa ta gwiwar hannuna, ina jiran ta tashi ta shiga ɗaki.

"Yana ci na," ta ce a ƙarshe. "Kamar wuta. Me ake yi?"

Semisi ya miƙe da sauri. Ya sa aka kawo man zaitun da tsumma mai tsabta, ya goge mata hannuwan yatsa bayan yatsa, domin maiƙo ne ke ɗebe yajin, sannan ya wanke da sabulu da ruwan sanyi har sau uku. Ya tambaye ta ko tana jin jiri ko bakinta ya yi nauyi, ta ce bakinta bai taɓa nauyi ba tun da aka haife ta. Ya ce kada ta sake shafawa sai Litinin, bayan ya yi magana da likita. Ya matsar da kujerarta nesa da tururi, ya ajiye mata kwanon ruwan sanyi a cinya.

Mamma ta jawo kwandon ɗoɗɗoya gabanta. "Shi ke nan, ni zan yi, kamar bara."

"Ajiye, Carmela. Na ci naki shekara guda." Nonna ta nuna Semisi da haɓa. "Kai. Wanke hannunka da kyau ka zo nan. Tunda ka hana nawa, sai ka ba ni aron naka."

"Mamma!" in ji Papà, yana nufin tasa uwar. "Aikin nan ai ba a taɓa ba wa..."

"Ba a taɓa hana ni ba ma, yau an yi. Zauna, yaro. Ganye ɗaya, babba. Ba wannan ba, wannan tsutsa ta ci. Naɗe shi. A hankali, ba takardar magani ba ce!"

Sai ga matsala: yatsansa ya ƙi shiga bakin kwalbar. Zio Mimmo ya kwanta a kan injin yana dariya har da hawaye. "A kawo masa bokiti! Likita, gwada da ƙaramin!" Da ƙaramin yatsan ya yi, kwalba ɗari huɗu, Nonna tana gefensa da hannuwa a ruwa tana gyara masa kowace ɗaya. Wannan ya yi zurfi. Wannan bai shafe baki ba. Wannan ya yi daidai, amma kada ya ji daɗi. Ni aka ba ni wankin tukwane ni kaɗai, kuma ban yi gardama ba. A tsakiyar aikin ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, na motsa baki na ce ka yafe mini. Ya ɗaga gira, ya nuna mini tukunyar da ban taɓa ba tukuna.

Da azahar, kwalabe suna tafasa a duro, aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin inabi, aka kawo taliya da sabuwar miya. Nonna ta sa aka ajiye rogon mahaifiyar Semisi a tsakiya, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ƙara ɗiba. Sannan ta ajiye cokali.

"Carmela, ranar Lahadi ta sama ki ƙara kujeru. Uwar yaron nan za ta zo cin abinci. Ina so in ga matar da ta haifi mai ce mini kada in taɓa."

Mamma ta goge bakinta a hankali. "Su nawa ne?"

Semisi ya sosa ƙeya. "Signora, a wurinmu idan an gayyaci uwa... ba ta zuwa ita kaɗai."

"Su nawa?"

"In an taƙaita, talatin."

Zio Mimmo ya ƙware da ruwa. Mamma ta tashi ta shiga gida. Na bi ta. Na same ta a ɗakinta, a tsaye kan kujera, tana sauko da wani farin mayafin tebur mai aikin hannu daga saman kabad, wanda ni ban ma san da shi ba.

"Kada ki yi mini wannan kallon," ta ce, ba ta juyo ba. "Ban ce na yarda ba. Ba dai za a zo gidana a koma a ce ba mu iya karɓar baƙi ba. Riƙe nan, mu ga ko asu ya ci."

Na riƙe gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, muka buɗe shi a tsakaninmu. Asu bai ci ba.

Da la'asar, bayan motarsa ta fita daga layin lemo, ina zaune a bakin rumfa ƙafafuna a cikin bokitin ruwa, ina jin irin gajiyar da mutum ba ya so ta wuce, sai wayata ta yi ƙara. Semisi ne.

*Na gaya wa Mama. Ta yi kuka, ta fara lissafin rogo. Amma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, Fina. A wurinmu ba uwa ke yanke maganar aure ba, ba uba ba. Yayar uba ce. Tawa tana Auckland, can ƙetaren teku, sunanta Melenaite, kuma ko Babana ba ya zama a kujera in tana ɗaki.*

Ina cikin karantawa wani ya shigo.

*An riga an kira ta. Ta ce a ajiye mata kujera ranar Lahadi. Ta kuma ce a tambaye ki, me kika iya yi da hannunki?*

Na ajiye wayar a kan gwiwa, na buɗe tafukana biyu ina kallo. Sun yi jawur da tumatir, sun yi yaushi da wankin tukwane, kuma wallahi a wannan lokacin na kasa tuna abu ɗaya da suka iya.